Gasar da Aka Yi a Gindin Darbejiya

A duk bikin Zango, lokacin da ya fi haɗari shi ne tsakanin shafa fatiha da isowar tuwo. An ɗaura aure, an raba goro, maroƙi ya gaji, maza sun baje a kan tabarmi babu aikin yi sai baki. A irin wannan tazara ake tono rigimar gado, ake tuna bashin da aka ci tun zamanin Rawlings. Mu kuwa a bikin ɗiyar yayata a Yendi, fim ne ya kusa raba zumunci.

Dangin uwar amarya sun taso daga Salaga ta Bimbilla, dangin ango sun gangaro daga Bawku ta Nakpanduri da Gushegu, kowa ya iso da jar ƙura har cikin kunne. Muna zaune a gindin darbejiya sai ƙanen ango, wani ɗalibi da ke karatu a Tamale, ya ɗago kai daga waya ya ce Turawa duk sun fitar da jerin finafinan da suka fi kyau daga 2010 zuwa 2019, mu me ya hana mu fitar da namu? Da yake ni kaɗai ke da biro a aljihu, nan take aka naɗa ni magatakarda, aka miƙo mini bayan katin gayyata.

Abu na farko da na rubuta shi ne cewa babu wanda ke kallon fim a cikinmu. Kowa sai da ya wanke kansa. Alhaji mai albasa ya ce kasuwa ba ta barinsa. Kawu na Salaga ya ce ya girme wa shirme. Malam, wanda ya ja addu'ar ɗaurin auren, ya gyara rawani ya ce shi ko sunan 'yan fim bai sani ba, kuma bai so ya sani.

Sai direban da ya kawo mutanen Bawku ya ce a rubuta Mansoor, na 2017, wanda Ali Nuhu ya fito a jarumi.

"Ba shi ne jarumin ba," in ji Malam. "Shi ya ba da umarni. Umar M. Shareef ne yaron, yarinyar kuma Maryam Yahaya."

Aka yi tsit. Malam ya ce yara ne suke kunnawa a tsakar gida, shi kuma yana wucewa. Na lissafa a zuci, wucewar nan ta kai awa biyu. Da aka ambaci Rariya, shi ma na 2017, Malam ya ce a soke shi, don mai fim ɗin, Rahama Sadau, ai ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN ta kore ta a watan Oktoban 2016 saboda bidiyon waƙar da ta yi da ClassiQ. Ya kawo bayanin bidiyon daki-daki, har da launin riga. Direba ya ce, "Allah gafarta Malam, ashe ka gani?" Ya ce an nuna masa ne don ya yi Allah wadai. Ban tambayi sau nawa ya yi Allah wadan ba, don ina da 'ya'ya a makarantarsa.

Kawu bai tsaya wata-wata ba, ya ce a rubuta Sangaya a rufe taro. Ɗalibi ya ce, "Kawu, Sangaya na 1999 ne, ya fita daga lissafi da shekara goma sha ɗaya." Kawu ya dube shi kamar yadda ake duban goron da ya yi tsutsa. Ya ce tun kakan kakan ɗalibin bai san hanyar kasuwa ba fataken Kano ke sauke kaya a Salaga suna ɗaukar goron Gwanja, malamin nan Alhaji Umaru na Kete-Karachi ma a Salaga ya zauna kafin yaƙin 1892 ya watsa garin, saboda haka duk abin da ya fito daga Kano, turmin atamfa ne ko faifan fim, mutumin Salaga ke fara ɗanɗanawa ya faɗi farashinsa. Ya ƙara da cewa tun 2019 an yanke su an kai Jihar Savannah, don haka hukuncin da aka yanke a Yendi bai hau kansu ba. Ni dai na san abin da Kawu bai faɗa ba. A shekarar da kaset ɗin Sangaya ya iso yake neman auren Inna, kuma shi kaɗai ke da bidiyo a layinsu. Kuruciyarsa yake so a ba kyauta, Ali Nuhu da Fati Muhammad 'yan rakiya ne.

Mutanen Bawku suka ce su za a saurara, domin babu garin da ya kai su zaman gaban talabijin: shekara da shekaru dokar hana fitar dare na kulle su a gida tun ido na ganin ido. Wannan magana babu wanda ya yi mata dariya, aka ce Allah ya kawo zaman lafiya, aka shafa. Sannan direba ya ajiye nasu ɗan takarar, Baahubali, kashi na ɗaya na 2015 da na biyu na 2017, a matsayin fim ɗin Hausa da ya fi kowanne.

Ɗalibi ya ce ai wannan na Indiya ne, da harshen Telugu aka yi shi, masu fassara irin su Algaita a Kano ne ke ɗora wa irinsu murya. Direba ya ce, "To kai da ka kalla, da wane yare sarkin ya yi magana?" Ya ce Hausar Baahubali ta fi ta duk wanda ke zaune a wurin, tunda shi in matarsa ta zo cewa yake "ta zo", mu kuwa 'yan Gana har gobe "matana ya zo" muke cewa. A nan kam babu mai bakin musu. Alhaji mai albasa ya goyi bayansa, ya ce shekara biyu cur ya yi yana jiran ya ji dalilin da Kattappa ya soke ubangidansa Baahubali, ko bashin da yake bin mutanen Kumasi bai taɓa jira da zumuɗi haka ba.

Da ɗalibi ya ga za a kayar da shi, sai ya zaro abin da ya ɓoye. Ya ce ga Azali na 2018, wanda Kwabena Gyansah ya shirya, labarin wata yarinya Amina daga arewacin nan da ta guje wa auren dole ta ƙare a titunan Ankara, babban birninmu, ana Dagbanci a cikinsa, kuma shi ne fim na farko da Gana ta taɓa aikawa gasar Oscar. Ga kuma Nakom na 2016, da harshen Kusasi, wanda aka ɗauka a wani ƙauye ba nisa da Bawku, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a Jamus.

Masu masauki 'yan Yendi suka washe baki da jin Dagbanci ya je Amurka, suka ce lalle Azali ne gwarzo. Na tambaya wa ya kalla. Babu ko ɗaya. Mutanen Bawku ma babu wanda ya ga Nakom, sai dai Alhaji ya ce ya san hanyar garin. Ya nemi a ba shi labarin. Ɗalibi ya ce wani mai karatun likita ne mahaifinsa ya rasu, ya dawo ƙauye ya tarar da gona da bashi da ƙanne.

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan, sai ya yi ta fama."

"Akwai waƙa?"

"Ba irin wadda kake nufi ba."

Alhaji ya girgiza kai. Ya ce wato Bajamushe ya sa rigar sanyi, ya sayi tikiti, ya zauna a duhu don ya kalli abin da shi yake gani kyauta ta tagar mota duk ranar kasuwa. Ya ce in dai bashi da gona ne fim, to a zo gidansa da kyamara, kashi goma za a samu. Haka muka yi watsi da finafinai biyu da aka yi da ƙasarmu da harsunan maƙwabtanmu, muka koma kan sarkin Indiya mai Hausar Kano. Shi kansa ɗalibin, da na matsa masa daga baya, tallan Nakom na minti biyu ya gani a waya.

Ganin abin na neman ƙwacewa, sai na kawo doka: kada wanda ya zaɓi fim ɗin da bai kalla har ƙarshe ba. Dokar ta kusa kashe gasar. Rabin shekarun nan a cikin dumsor muka yi su, musamman 2014 da 2015, ana ɗauke wuta daidai lokacin da boka zai faɗi wanda ya yi asirin. In wuta ta tsaya, faifan ya karce, fuskar jaruma ta daskare baki buɗe. In faifan ya yi lafiya, sai a rubuto a haɗu a kashi na uku da na huɗu, mai shago kuma ya ce ba su iso daga Kumasi ba. Da zamanin faifai ya wuce aka koma wurin yaron da ke tura fim a waya a bakin tasha, shi kuwa bai san suna ba, ajinsa uku ne: mai faɗa, mai kuka, mai dariya. Kawu ya taɓa kallon farkon wani fim da ƙarshen wani daban a haɗe, kuma har yau yana yaba hikimar marubucin. A duk wannan soyayya da muke yi wa 'yan fim ɗin Kano, ban ga wanda zai rantse cewa ko fesuwa ɗaya tasa ta taɓa isa hannunsu ba. Amma mu ne kan gaba wajen cewa finafinan yanzu ba su da inganci.

Wuri ɗaya aka haɗu. Wani ya ambaci Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disambar 2014, sai kowa ya ce Allah ya jiƙansa, har Malam. Aka yarda a ba shi kyautar, tunda ba a jayayya da mamaci. Na ɗaga biro na ce wane fim ɗinsa zan rubuta? Kowa ya tuna wani wuri, inda ya yi gudu, inda ya ci abincin mutane, inda ya zare ido, amma sunan fim ko ɗaya bai zo ba. Gardama ta dawo sabuwa, Salaga na cewa na da ne ya fi, Bawku na cewa na baya-bayan nan, Yendi na cewa a bari sai an tambayi Fada.

Ana cikin haka Goggo ta fito, 'yan mata na biye da ita da kwanukan tuwon zafi da miyar ayoyo. Ta tsaya da ludayi a hannu ta ce hayaniyar me take ji tun daga madafa? Aka gaya mata. Ta ce wannan ai ba abin gardama ba ne, Kumkum Bhagya ne na ɗaya, wanda Adom TV ta juya zuwa harshen Tonawa, sai Daɗin Kowa na Arewa24 ya bi masa. Ta ce ta ga matan da suka bar miya ta ƙone saboda Pragya ta Kumkum Bhagya, ba ta taɓa ganin wanda ya bar ko shayi ya huce saboda Oscar ba.

Ɗalibi ya ce, "Goggo, ai waɗannan masu dogon zango ne, ba sa cikin…"

Goggo ta ce wa yarinyar da ke gabansa ta wuce da kwanon.

Aka kaɗa ƙuri'a, Kumkum Bhagya ya ci babu hamayya, har da hannun ɗalibi, wanda ya fi na kowa tsawo. Na rubuta, dattawan garuruwa uku suka sa hannu da yatsu masu maiƙo. Muna tsakiyar ci Kawu ya matso ya raɗa mini in ƙara Sangaya a ƙasa da ƙananan baƙi, zai ga abin da zai yi mini in na zo Salaga. Malam kuwa ya jira sai da Goggo ta dawo kwashe kwanuka, ya yi gyaran murya, ya ce, "Hajiya, shin Abhi ya gane gaskiya ya mayar da matarsa Pragya kuwa? Yara ne suka dame ni da tambaya."