Audu Wa?

Ranar Alhamis na raka kawuna Kasuwan Magani. Shi ya je sayar da masara buhu biyu, ni kuma na je riƙe masa waya, don tun ranar da ya saye ta na zama ɗan dakonta. Da ciniki ya faɗa, kuɗi suka shiga aljihun ciki, sai ya ce kafin mu nemi mota mu biya rumfar yaron nan mai caji a zuba masa waƙoƙi a memori. Yaron ya tambaye shi na wa za a tura. Kawu ya gyara zaman hularsa ya ce, "Na Audu."

"Wane Audu, Baba?"

"Audu nawa ne a cikin wayar? Wanda ya yi waƙoƙin nan duka mana."

Ni na san inda gizo ke saƙar. Duk waƙar da aka turo maka ta WhatsApp, in ta sauka a waya, sunanta na yanka ya faɗi a hanya. Manhajar ce ke raɗa mata sabo: haruffa uku, AUD, sai kwanan wata, sai WA da wasu lambobi. Kawu ya yi yaƙi da jahilci a zamaninsa, yana haɗa baƙi daidai gwargwado. Ya duba ya ga AUD a sama, AUD a tsakiya, AUD har ƙasa, ya yanke hukuncin cewa wasali ɗaya ne ya maƙale, mutumin Audu ne. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wutsiyar sunan. Ita kanta wayar, bayan ta ce Audu, sai ta dawo tana tambaya: wa?

Kwanakin baya wani ɗan'uwanmu da ke karatu a waje ya ba ni labarin yadda mutanen Japan ke jera waƙoƙinsu, kuma tun daga lokacin nake jin haushin ana yaba musu. Wani ɓangare na rubutunsu na gaɓa ne. Yadda muka rera ba, be, bi, bo, bu a firamare, haka yaransu ke haddace a, i, u, e, o, sannan ka, ki, ku, ke, ko, sai sa, shi, su, se, so, har gaɓoɓi 46. Da wannan jerin suke tsara ƙamus da sunayen 'yan aji. Da suka ƙirƙiro karaoke, wato na'urar da ke kaɗa maka kiɗa kai kuma ka ɗora muryarka, wadda wani makaɗi Daisuke Inoue ya fara bazawa a mashayun birnin Kobe a 1971, sai aka riƙa ajiye wa masu shiga wani ƙaton littafi mai kaurin bulo. Kana son waƙa, ka tuna gaɓar farko ta sunanta, ka buɗe shafin.

Ka buɗe shafin "sa" ka ga cunkoso kamar tashar mota ana gobe Kirsimeti. Akwai wani fure da ke buɗewa a ƙasarsu wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu, sunansa sakura, kuma kusan duk mawaƙin da ya isa sai ya yi masa waƙa. Naotaro Moriyama ya yi tasa Sakura a 2003. Ƙungiyar Ketsumeishi ta yi tata a 2005, Kobukuro ma suka saki tasu a shekarar, Ikimonogakari suka biyo baya a 2006. Suna ɗaya, waƙa daban-daban. Da na faɗa wa Kawu, sai ya ce, "Sakarai?" Na ce a'a, fure ne. Ya ce duk ɗaya, ƙato da gemunsa ya tsaya yi wa fure waƙa ga sarakuna ga 'yan dambe.

To ina abin burgewa a nan? Waƙa huɗu ko goma sun haɗu a gaɓa ɗaya, har ana ba da labari. A wayar Kawu kaɗai waƙa ta fi ɗari uku, kowace da "Au" ta fara. Mun shafe su ba tare da mun san ana gasa ba.

Kuma ba yau muka fara ba. Da Bajapane zai zo ya jera mawaƙanmu na gargajiya a irin littafinsu, shafin "Ɗa" sai ya yage don nauyi: Ɗankwairo, Ɗan Anace, Ɗandawo, Ɗanba'u, Ɗan Indo, Ɗan Maraya Jos. In ya koma kan waƙoƙin kansu, zai tarar da shafi ɗaya tak muke buƙata, shafin "wa". Waƙar Shago, Waƙar Karen Mota, waƙar sarkin gari kaza, waƙar alhaji wane. Makaɗi a zamanin da ba ya raɗa wa waƙa suna don a rubuta a kwali. Yana buɗe baki ne a gaban mai ita, 'yan amshi su karɓa, jama'a su kira ta da sunan wanda aka yi wa ko da abin da ya maƙale musu a kunne. Shata ya rasu a 1999 ya bar waƙoƙin da har yau ba a gama ƙirga su ba, kuma in ka cire irin su Bakandamiya, yawancinsu sunan mutane suke amsawa.

Zamanin kaset ma haka muka yi ta. A ɗakin babata akwai kwali guda na kasusuwa, kowane da rubutun biro a goshinsa. Ɗaya "Indiya". Ɗaya "Indiya mai daɗin". Ɗaya "Na biki". Wanda ya fi kowane farin jini an rubuta masa "Ba aro", kuma shi ne ya zaga unguwa har ya dawo da zare a waje. A filin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna kuwa, kafin a gama karanta sunayen waɗanda ake gaisarwa, daga uwargida har ɗan autan maƙwabci, wa ke da sauran ƙarfin tambayar sunan waƙa?

Mu mutane ne da ba mu cika son kiran abu da sunansa ba. Matar kirki ba ta faɗin sunan miji, uwa ba ta kiran ɗan fari. Ko gidan nan na dutse da wani Bajamushe ya gina mana a kan tsauni, wanda 'yan Abuja ke tururuwar zuwa ɗaukar hoto, a gidanmu ban taɓa jin an ce masa komai ba sai "wajen Baturen nan". To waƙa wace ce da za ta tsira?

Saboda haka ka zauna rabin sa'a a rumfar mai tura waƙa ka ga aikin da ya fi na boka. Wata za ta zo ta ce a sa mata wadda aka saka a bikin ƙanwar kishiyarta a Kufana, lokacin da ruwa ya fara saukowa. Wani zai ce wadda direban nan mai jar mota ke sakawa in an wuce Kachia an nufi Kafanchan. Wani ba ya ma magana, sai ya rufe ido ya fara gunji ta hanci yana kaɗa kai, kamar mai ciwon haƙori. Yaron zai saurara, ya ce, "Na gane ta," ya tura. In daidai ne, madalla. In ba daidai ba ne, mai ita zai saba da ita kafin ya isa gida.

Kada a ce mu kaɗai ne. Waƙar Japan da ta fi kowace yin suna a duniya, Kyu Sakamoto ya fitar da ita a 1961 da suna Ue o Muite Arukō. Turawa suka gwada faɗa, harshe ya harɗe, sai suka kira ta Sukiyaki, sunan wani dafaffen naman sa da ko sau ɗaya ba a ambace shi a cikinta ba. Da wannan sunan ta hau saman jerin Billboard a Amurka a 1963. Kamar a ɗauki waƙar Ɗan Maraya a kai ta Landan a ce sunanta Faten Acca. Su aƙalla sun bar wa mawaƙin sunansa.

Mu kuwa komai na Audu ne, kuma in gaskiya za a bi, babu mai faɗin zuciya irinsa a ƙasar nan. Yana waƙar Adara, yana ta zumuntar mata, yana bege, yana kalangu. Jarumar Hamisu Breaker tasa ce, abin da Ado Gwanja ya tayar wa mata da shi a 2022 nasa ne. Ba a taɓa tambayarsa ƙabilarsa ko inda yake ibada ba, abin da ɗan Adam bai cika samu a kan hanyar nan tamu ba.

Sai dai Audu yakan ci amana. A bikin ɗan goggona an tsara cewa in ango da amarya sun fito za a saka wata waƙa da amaryar ta zaɓa da kanta. Ƙawarta ta miƙa wa mai kiɗa waya ta ce, "Ta bakwai daga sama." Ba ta san cewa da asuba wani ya turo sabon Audu ya ture lissafi ba. Amarya ta sako ƙafa, ƙawaye sun ɗaga hannu da sababbin kuɗi, sai lasifika ta yi gyaran murya ta fara wa'azi a kan almubazzaranci a wajen biki. Mai kiɗa ya rikice ya danna ta gaba, sai ga muryar wani dattijo yana bayanin maganin basir. Tsofaffin da ke zaune a gaba suka ce a bar wannan ɗin ya ƙarasa.

Duk wannan na so in warware wa Kawu a rumfar, na ce masa babu wani Audu, na'ura ce ke rubuta haka. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda boko ya ɓata. Ya ce shekara uku yana jin mutum dare da rana, yau ni zan ce masa babu shi? Da yaron ya gama turi, Kawu ya biya kuɗin aiki, sannan ya sake zura hannu a aljihun masara ya zaro ɗari biyar.

"Ungo wannan, ka ba shi. Ka ce wani dattijo daga Kajuru ya yaba."

Yaron ya russuna ya karɓa da hannu biyu. "Zai ji, Baba."