Bazazzagin Omdurman Ya Sayi Iska

Bawana Bazazzagi, ga gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka durƙusa ka fara. Labari ya iske ni a Kano cewa tun da ƙurar yaƙi ta ɗan lafa ka koma Omdurman ka tada tsohuwar Hilux ɗinka, ba ka yarda mai faci ya ɗura wa tayarka iskar talakawa. Wai sai naitirojin. Har an ce ka sa koren murfi, alamar naitirojin, a bawul huɗu, kana fakawa a Suk Libya inda idon kowa zai kai. Mu Kanawa babu abin da ba mu sayar ba, daga kirgi zuwa goro, amma mai sayen iska ba mu taɓa dacewa da shi ba. Ashe yana can bakin Nilu, kuma ɗan Zazzau ne. Dama wa zai kasance?

Zauna in yi maka karatu, tunda jami'ar garinku ta bakin ƙofa kawai ka san ta. Iskar da kake shaƙa kyauta, wadda ɗan banshar, wato mai faci, ke bai wa raksha (keke napep) da amjad (ƙaramar bas), kashi 78 cikin 100 ɗinta naitirojin ne, 21 oksijin. Injin da ka biya yakan kai shi 93 zuwa 95 ne. Wannan 'yar tazarar ka saya.

Ba zan ci haƙƙin mai injin ba: naitirojin ya fi oksijin jinkirin sulalewa ta jikin roba. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada, ta fitar da sakamako a 2007. Tayoyi iri 31, kowane iri guda biyu, ɗaya da iska ɗaya da naitirojin, duka an cika su zuwa awo 30, aka bar su a waje shekara guda. Masu iska suka rage 3.5, masu naitirojin 2.2. Bambancin 1.3 a shekara cur. Yaron mai faci zai mayar maka da shi kafin mai shayi ta miƙo maka kofi.

Na san abin da aka raɗa maka: wai a zafin Khartoum, da ke haura digiri 40 a watan Mayu, tayar naitirojin ba ta kumbura. Tana kumbura, malam. Duk digiri biyar zuwa shida da zafi ya ƙaru, awon taya kan hau kusan ɗaya, ko me ka cusa a ciki. Fifikon naitirojin na gaske shi ne ba shi da laima. To wace laima a garin da sai Yuli ko Agusta ake ganin ruwan kirki, sauran shekara kuma ƙura ke yi muku kwalliya? In ɗan banshar yana tsiyaye ruwan tankin kwamfaresarsa, magana ta ƙare.

Sai ka ce ai jirgin sama da shi yake amfani. Haka ne, kuma da dalili mai nauyi. Ranar 31 ga Maris 1986 birkin wani Boeing 727 na kamfanin Mexicana ya yi zafi, tayar da aka cika da iskar gama-gari ta fashe bayan tashi, wuta ta kama, mutum 167 suka rasu. Bayan nan hukumar jiragen Amurka ta wajabta wa manyan jirage naitirojin, don ba ya ciyar da wuta. Motarka kuwa ba ta tashi sama, sai ranar da ka hango mai binka bashi.

Abin da ke damuna da kai na gaske daban ne. Tun 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke, titunan Khartoum da Omdurman da Bahri sun sha wahalar da ba ta wasa ba, gadar Shambat ma ta karye a Nuwamban shekarar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ƙusa da kwalba da guntayen ƙarfe ne ke cin taya a can, kuma ƙusa ba ta tambayar wace iska ce a ciki. Motar da ta yi watanni a tsaye cikin rana, robarta ta tsattsage ko da zanenta bai cinye ba. Duba gefen tayar, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Na ci amanar goro in taka ba ta girmi ɗan autanka ba. Sannan mai koren murfi yakan saki jiki ya daina awo, alhali taya mai ƙarancin iska ita ce ke zafi ta fashe a doguwar hanya. In ka kama titin Dongola ta yi laushi, ɗura mata iskar da ka samu, haɗa su ba ya ɓata komai.

Kakanninmu da suka bi Mai Wurno bayan yaƙin Burmi a 1903 a ƙafa da jaki suka isa Sudan, jikansu ne yau iskar Allah ba ta ishe shi ba. Sayi geji, ka riƙa awo da sassafe sau ɗaya a wata kafin taya ta ɗau zafi, har da safaya. Canjin ka ci agashe da rabi. Rabin ka ajiye mini, Muharram na tafe, kuma kuɗin sharar bara ma ba ka biya ba.