Rago na cin dusa, yaro na shan tsararo

Ku matso kusa, 'yan majalisar gindin dalbejiya, ku da ba a taɓa kawo wani abu ƙauye kun ce madalla ba. Yau da ku nake. Na san kun riga kun tanadi amsa: wai 'yar yarinyar nan da jiya-jiya ta fito daga makarantar koyon aikin lafiya ta Daura, ita ce za ta koya wa matanku goyo? Kakanninku da suka haifi goma-goma wa ya koya musu? To, Allah ya jiƙan kakanni. Sai dai idan ana lissafin goman nan, a riƙa faɗin nawa suka yi wayo, nawa kuma aka rufe tun ba a yaye su ba. Da an zo nan sai tari ya sarƙe ku.

Abin da ya fi tsone muku ido shi ne ɗan ma'aunin damtsen nan mai launi uku. Malamar asibiti ta ɗora yaro a cinyar uwarsa, ta nemo tsakiyar damtsensa na hagu, ta zagaya ma'aunin, ba ta matse ba, ba ta sassauta ba. Kore, lafiya lau. Rawaya, a tashi tsaye. Idan kuwa ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Sai ta danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa ta ɗan jira. In ta ɗaga gurbin yatsan ya zauna, kumburi ne, wanda kai Malam kake nuna wa baƙi kana cewa yaro ya yi ɓul-ɓul.

Kun ce ta yaya guntun leda zai san ciwon ɗan mutum. Haba dattawa! Ku da nake gani a kasuwar Mai'adua kuna shafa gadon bayan rago, ku matsa gindin wutsiya, ku faɗi kuɗinsa ba ku kuskure ba? Ragon da ake turka don layya yana samun dusa da kowa da harawa da ɗan kanwa a kan kari. Da ya yi atishawa an kira malamin dabbobi ya tsira masa allura, ba wanda ya tambayi wace ƙasa ta aiko da maganin. Yaron gidan kuwa, tun da aka cire shi daga nono, koko ne tsararo safe da yamma. In ya rame a ce haƙori ne, in gashinsa ya yi ja ya kakkarye a ce ya sha ciki, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a fara hararar tsohuwar maƙwabta.

Sai maganar da kuka fi so, wai madarar tamowa maganin hana haihuwa ce. Wannan zance ya tsufa, tun 2003 aka yi wa rigakafin shan-inna irinsa, ga shi har yau sunan yara bai yanke a Sandamu da Zango ba. Abin da ke cikin ledar gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. A Faransa aka haɗa ta a 1996, kuma a nan maƙwabta, wajen Maraɗi, ta yi suna lokacin yunwar 2005. Gyaɗa dai, wadda kuke nomawa. Amma ni abin da ya ɗaure mini kai: in har tana hana haihuwa, me ya sa ake ganin ledarta a teburin mai shayi, magidanta na lakata suna shafa wa burodi? Wane ne yake saye? Kada ku kalli juna, ku kalle ni. An ƙidaya ledar nan ne daidai da nauyin yaron, ta kai shi mako guda. Duk wadda ta bi ta maƙogwaron babansa, ranar awo ma'auni zai tona asiri.

Goggo, ina gaisuwa, ke ma ban manta da ke ba, don na san ke ce hukuma a ɗakin maijego. Ke kika ce a matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne. Ruwan nonon farkon nan mai kauri shi ne kariyar farko da jariri yake samu daga cututtuka. Ke ce kuma kike ɗura masa ruwan randa saboda zafin bazarar Daura. Zafin gaskiya ne, amma mafi yawan nono ruwa ne, shi ya sa ake cewa nono zalla har wata shida. In kina jin tausayi, uwar za ki ba ruwan, ki haɗa mata da abinci mai maiƙo. Ƙwayar ƙarin jinin da ake ba masu ciki wajen awo ma a daina ɓoye ta ƙarƙashin katifa don tsoron kada ɗa ya yi girma. Rashin jinin ne yake kayar da mace ranar haihuwa. Batun ƙwai yana sa yaro sata kuwa, Goggo, ƙwan zabin da kuke hana jikoki kuna aikawa tasha, direbobi ne suke cinyewa, kuma har yau ban ji an ce su ne suka kwashe baitulmali ba.

Bayan wata shida, abin da malamar take roƙo bai wuce a kaurara kunu ba: gero, soyayyen waken suya, gyaɗa, a niƙa tare, a barbaɗa garin zogale, a ɗiga mai. Wanne ne daga ciki sai an yi fasfo kafin a samo shi?

Inda kuke da gaskiya zan ba ku. Mace takan taso tun daga wani ƙauyen Baure da goyo, ta tarar da ɗakin shan magani a kulle, ko a ce madara ta ƙare sai wani makon. Akwai ma'aikaciyar da bakinta ya fi allurarta zafi. Yawancin tallafin nan kuma na ƙungiyoyin waje ne, irin shirin WINNN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2011, wanda Mai'adua ta kasance cikinsa, kuma shiri irin wannan yana da ranar ƙarewa. Abin ba na wasa ba ne: ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina a watanni shidan farko na 2025. To wannan ƙorafin, kansila da ciyaman za ku kai wa, ku da ba ku rasa bakin magana lokacin zaɓe. Me ya kai ku huce haushi a kan yarinyar da ta shiga rana tana bin gida-gida?

Damina na tafe, lokacin da rumbu yake yin ƙasa, zazzaɓi da gudawa su taso tare. Ranar awo ta mako mai zuwa, Malam, ba a ce ka goya yaron ba, kada rawaninka ya karkace. Izini za ka bayar, da kuɗin babur zuwa da dawowa. In ka ce babu, zan tambayi mai dusa nawa ka kashe a wurinsa jiya.