Madalla da Asibitocin Birnin Dabo

Duk wanda ya ce Kano ba ta da asibitoci bai yi wa garin nan adalci ba. Ka biyo ta Ƙofar Mata, ga Asibitin Murtala yana nan tun zamanin Turawa. Ka hau titin Zariya, ga Asibitin Malam da aka kafa a 1988. Ga Nasarawa, ga Hasiya Bayero na yara, ga na ƙashi a Dala, ga Asibitin Zana, ga Dawanau. A watan Disambar 2017 shugaban ƙasa da kansa ya tako ya buɗe sababbi biyu, ɗaya a Giginyu, ɗaya a titin Gidan Zoo, aka yi kiɗa aka yi tafi. Ni yau yabo na zo yi, domin na gaji da masu baƙin baki da ba sa ganin alheri. Kuma alherin asibitocinmu ya wuce na magani. Magani ai ko a tiren mai talla a tasha akwai shi. Su tarbiyya suke bayarwa.

Dubi yadda suka raba mu da lalaci. Mutumin da ba ya tashi sallar asuba sai an yayyafa masa ruwa, ranar da ɗansa ya kwana da zazzaɓi za ka tarar da shi tun kafin assalatu a bakin tagar yankar kati, ya riga ya kama layi. Zai zauna a benci har hantsi ya dubi ludayi, har a kira azahar, yaro a kafaɗa jiki rau da zafi. Idan ya yi sa'a ya shiga, likitan da ya ga jama'a ba iyaka tun safe zai ba shi 'yan mintoci, ya rubuta gwaji, a ce na'urar ta lalace, sai dai ya tsallaka titi wajen 'yan kasuwa. Ya dawo da sakamako an tashi. Gobe ma rana ce. Wace makaranta ce take koyar da sammako da juriya a kyauta haka?

Amma babban aikinsu shi ne raya zumunci. A wasu ƙasashe, wai, sai ka kai mara lafiya ka damƙa shi ka koma gida, asibiti ya ciyar da shi, ya juya shi, ya yi masa wanka, ya kawo masa magani har gado. Wannan ai raba 'yan'uwa ne. Mu a nan mutum ɗaya zai kwanta, gida guda ya tashi. Uwa ta shimfiɗa tabarma a baranda, ita ce mai jinya, ita ce mai wanki, ita ce mai zubar da fo. Ƙane shi ne ɗan aike, yana zarya tsakanin gado da kemis da 'yar takarda a hannu: allura, safar hannu, auduga, filasta, ledar ruwa. Wa yana waje yana buga waya, yana kiran dangin da aka yi shekaru ba a gaisa ba, domin an ce jini leda biyu ake buƙata kuma sai kun kawo wanda zai bayar. In babu a dangi, akwai samari a bakin ƙofa da suka san farashi. Idan aka ɗauke wuta da dare, kowa ya kunna fitilar wayarsa ya haska wa nas ta nemi jijiya, sai ka ga ɗaki guda ya zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Matar da ta zo haihuwa kuwa tun lokacin awo an ba ta jerin kayan da za ta zo da su, har da reza da ledar shimfiɗa, don kada ta saba da zaman jiran gwamnati.

Na ga wata dattijuwa a tagar magani ta wani asibitin gwamnati. Ta miƙa takarda, aka lissafa mata, ta kwance bakin mayafinta ta ƙirga abin da ke ciki sau biyu, ko kuɗin za su ƙaru a ƙirga na biyu. Sai ta matsa kusa da tagar ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ɗan nan, a cikin guda huɗun nan wanne ya fi muhimmanci?" Yaron ya duba, ya ɗauki biro ya yi wa biyu alama, ya ce, "Baba, fara da waɗannan." Ta ce, "To ba ni rabin na farkon." Ku duba irin 'yancin da aka ba talaka. Ba ta yi karatun likita ba, ko zaman aji ba ta taɓa yi ba, amma an bar mata ita ta yanke hukuncin wane ɓangare na ciwon mijinta za a yi wa magani, wane za a bar wa Allah. A cikin kowace naira ɗari da ake kashewa kan lafiya a Najeriya, fiye da saba'in daga aljihun mara lafiya da danginsa suke fitowa, watau daga irin wannan bakin mayafin. Ana maganar dogaro da kai a rediyo, mu mun daɗe da kaiwa can.

Kada kuma a ce hukuma ba ta damu ba. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a gidanmu, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi domin lafiya. Mun riƙe wannan alkawari da daraja ƙwarai, har ba ma son taɓa shi don kada ya tsufa. Kasafin tarayya ya fi yawan zama a wajajen kashi 5. A 2014 aka sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa, kowane irin dalili ne kuwa. Doka ce mai kyau, tana nan lafiya lau. Wanda ya ɗauko ɗan'uwansa a A-daidaita-sahu da tsakar dare, ya ji an ce babu gado a nan, ya juya can aka ce ku fara ajiye kuɗi, ya nufi na uku aka ce ana yajin aiki, laifinsa ne da bai zo da kwafin dokar ya karanta wa mai gadi ba.

Su kuwa shugabanninmu, a nan ne tausayinsu ya fi bayyana. Sun san gadaje sun yi kaɗan, don haka suka ɗauki alkawarin ba za su taɓa yin gasa da talaka a kan gado ba. Ciwo kaɗan sai jirgi. A ƙarshen 2009 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a Jidda ya yi jinya. A 2017 marigayi Muhammadu Buhari ya shafe fiye da kwana ɗari a Landan a tafiya guda, kuma a can Allah ya karɓi ransa a Yulin 2025. Allah ya jiƙansu. Gwamnoni da ministoci da 'yan majalisa kuwa, Masar da Indiya da Dubai sun san fuskokinsu. A wannan shekarar ta 2017 uwargidan shugaban ƙasa, Aisha Buhari, ta fito fili ta ce asibitin fadar shugaban ƙasa ba shi da ko sirinji, na'urar ɗaukar hotonsa ma ba ta aiki. Wasu sun ji kunya. Ni adalci na gani: abin da ɗan Kurna da ɗan Rijiyar Lemo suke samu, shi aka tanadar wa fada, ba bambanci, sai dai su 'yan fada suna da fasfo.

Kyautarmu ma ba ta tsaya a gida ba. Mu horar da likita shekara shida da kuɗin jama'a, ya ƙware a kan jikin talakawanmu, sannan mu riƙe masa alawus, mu bar shi da ɗaki cike da marasa lafiya shi kaɗai har ya gane hanyar filin jirgi. A 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya kwantar mana da hankali cewa likitoci sun yi mana yawa, mai son tafiya ya tafi. Suka kuwa ji magana. A 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce wajen dubu 15 zuwa dubu 16 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Tsarin ya yi kyau ta kowane ɓangare: mai girma ya sauka a Ingila ko Saudiyya ya tarar da likitan da zai gaishe shi da Hausa, ba ruwansa da tafinta.

Asibitocinmu har a tarihin duniya sun shiga. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana ya yi gwajin maganinsa Trovan, gwajin da ya shafi yara 200. Goma sha ɗaya suka mutu, wasu suka kurmance, wasu suka shanye. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Baƙo ya zo ya tarar da ƙofa a buɗe, ba mai tambayarsa me ke cikin jakarsa. Karamcin Kanawa ke nan. Shekara bakwai bayan gwajin, da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar, sai aka yi ta mamakin me ya sa mutanen nan ba sa yarda da allura.

Asibitocin sha-ka-tafi na unguwanni su ne ya kamata su gyara wannan yarda, su yi wa yara rigakafi, su duba masu ciki, su tare ciwo tun yana ƙarami. An yi wa da yawansu fenti mai kyau. Sai dai an kula da lafiyar ginin ƙwarai, ba a yarda a wahalar da shi da dare ba, alhali naƙuda ba ta san agogo ba. Sakamakon ya fito. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo, cutar da allurar jarirai take hanawa, ta dawo tana shaƙe yara, kuma Kano ce ta ɗauki kaso mafi girma a duk ƙasar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan dubu 75 suka rasu a Najeriya a kan ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ba mu da na biyu. Jijjiga da zubar jini, abubuwan da aka san maganinsu tun tuni, su ne suke ɗauke mana 'yan mata masu shekara ashirin, mu kuma muna ta yanke ƙyallen buɗe gini.

Ko wajen ƙididdiga mun sauƙaƙa wa ma'aikata. A Afrilun 2020, lokacin korona, da dattawan garin nan suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ɗakin gwajin cutar ya rufe na kwanaki, asibitocin kuɗi da dama suka ja ƙofa. Masu haƙar kabari ne suka fara sanar da duniya cewa wani abu yana faruwa. Daga baya kwamitin gwamnatin tarayya ya ƙirga mutum 979, ya ce rabi ko fiye da rabi suna da alaƙa da cutar. Garin da maƙabarta take riga ma'aikatar lafiya sanin halin da ake ciki ai ya rage kashe kuɗin takarda.

Duk wannan kuwa ba zai yiwu ba sai da kalma ɗaya da aka iya amfani da ita: haƙuri. Jini bai zo da wuri ba, sai haƙuri. Janareta ba mai ana tsakiyar tiyata, kwana ne ya ƙare. A nan kam ba zan iya ci gaba da yabo ba. Mun yi imani da ƙaddara, mun san babu ran da zai wuce lokacinsa. Amma wanda ya karkatar da kuɗin man janareta ba shi da hurumin yi wa mai takaba wa'azin ƙaddara. Addinin da ya koya mana haƙuri shi ya ce a nemi magani, shi ya ce duk wanda aka ba kiwo za a tambaye shi abin da aka ba shi. Imanin talaka ya zama bargon da ake lulluɓe sakaci da shi, kuma wannan ya fi rashin gado ciwo. Ba da nas ɗin da take kwana a tsaye a kan gadaje talatin nake ba, ko ƙaramin likitan da yake zaro kuɗin aljihunsa ya saya wa yaron da bai sani ba ledar ruwa, ko ungozomar da ta karɓi haihuwa da hasken waya. Akwai masu tsawa da wulaƙanci a cikinsu, kowa ya sani, amma waɗanda suka tsaya suka ƙi tafiya su ne dalilin da ya sa har yanzu ake fita daga wuraren nan da ƙafa. Da waɗanda suka bar su a haka nake.

Su ma kada a yanke musu ƙauna, domin suna tunawa da lafiyarmu duk bayan shekara huɗu. Za a kafa rumfa a filin makarantar firamare, a rataya hoton mai girma ya fi rumfar tsawo, a kawo masu kyamara. Za a auna hawan jini kyauta, a raba farasitamol da gidan sauro da tabarau, a yi wa mutum goma aikin gwaiwa a sa su a talabijin suna sa albarka. Kafin la'asar an naɗe rumfa. Saboda haka shawarata ga jama'ar Kano, musamman masu ciwon ƙoda da ke jiran wanki da matan da watansu ya kama, ita ce su daure su daidaita ciwonsu da jadawalin hukumar zaɓe. Wanda ya yi gaggawar kwanciya kafin a buga gangar siyasa, shi ya so, kada ya ɗora wa kowa laifi.