Masu Gadin Iyakar Kiɗa

Ranar 24 ga Oktoba, 2000, wasu samarin Kalifoniya masu suna Linkin Park suka fitar da faifansu na farko, Hybrid Theory, a kamfanin Warner. Waƙoƙi 12 ne da ba su cika minti 40 ba, amma tukunya ɗaya aka zuba wa komai: jitar lantarki mai ruri, gambarar Mike Shinoda, ihun Chester Bennington, ga Joe Hahn yana murza faifai a gefe. Wannan dambu shi ya fi kowane faifai ciniki a Amurka a 2001. Sai dai mutanen da ya tono sun fi kiɗan ban dariya, domin yawancinsu in suka buɗe baki za su yanke wa faifan hukunci, labarin kansu suke bayarwa.

Gaba-gaba akwai mai gadin iyaka, da baƙar rigarsa da gashi har kafaɗa. A wurinsa kiɗan rok gonar gado ce, kuma duk wanda ya shigo da gambara ya sako mata awaki. Da ya ji ana murza faifai sai ya yamutsa fuska ya ce wannan ai ba kayan kiɗa ba ne. In ka tuna masa cewa rok ɗin da kansa jikan kiɗan bulus ne na baƙar fatar Amurka, kuma tun 1986 'yan gambarar Run-DMC da 'yan rok ɗin Aerosmith suka karya shingen, tun 1992 Rage Against the Machine ke gambara a kan jita, sai ya ce waɗannan daban ne. Bambancin kawai shi ne lokacin yana saurayi. Yana da tagwai a ɗaya tsallaken, mai gadin gambara, wanda ya rantse Shinoda ba ɗan gida ba ne, har gwanin gambara Jay-Z ya haɗa faifai da Linkin Park a 2004. Tun daga ranar ya kama bakinsa.

Sai "ni na fara sani". Shi ba ya ƙin ƙungiyar, ƙin ku yake don kun zo. Zai gaya maka ya san su tun suna amsa sunan Xero, kafin Bennington ya taso daga Arizona ya shigo, kuma tun da jama'a suka gano su kiɗan ya lalace, alhali faifan bai sauya ko ɗigo ba tsakanin kwafi na farko da na miliyan 10. Kusa da shi akwai uban da ya ƙwace faifan daga hannun ɗansa, ya zauna yana farautar ashar. Bai samu ko guda ba, don babu, sai ya mayar da fushinsa kan ihun.

Wanda ya fi cancantar a tsaya masa shi ne mai hangen makirci, mai cewa kamfani ne ya zauna da alƙalami ya auna gambara da jita don aljihun yara. Maganarsa ba shirme ba ce zalla. Waƙoƙin gajeru ne, an ɗinka su daidai wuyan rediyo, amshi yana zuwa inda kunne ke jiransa, kuma kamfanoni ba sadaka suke yi ba. Amma labarin bai goyi bayansa ba: kamfanoni da yawa sun juya wa samarin baya kafin Warner ta karɓe su, kuma Shinoda ya sha faɗin cewa a cikin kamfanin ma an so ya ajiye gambarar. Ashe gaurayen da ake cewa dabarar 'yan kasuwa ce, shi 'yan kasuwar suka ji tsoro. Wanda ya ce waƙoƙin sun yi kama da juna, ko kukan ƙuruciyar ya yi yawa, wannan ya saurara, ana iya zama a yi gardama da shi. Mai hangen makirci kuwa bai kai nan ba, tsoronsa kada a gan shi yana son abin da 'yan sakandare ke so.

Wannan tsoron ne ya haifi na ƙarshe, mai so a ɓoye. Shekara da shekaru yana yi wa faifan dariya a bainar jama'a, ko da waƙar "Crawling" ta cikinsa ta ci kyautar Grammy a 2002 taɓe baki ya yi, amma in ya rufe gilashin mota babu baitin waƙar "In the End" da ke kuɓuce masa. Da Bennington ya mutu a Yulin 2017, sai ga shi a sahun gaba na masu makoki, yana ba da labarin yadda faifan ya raine shi, mai gadin iyaka na gefensa yana gyaɗa kai.