Kofin da Aka Manta a Bakin Titi

A Kanada da Amurka, 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara kan zubar da haƙora don su ɗaga Kofin Stanley. Gwamna Janar na Kanada, Lord Stanley, shi ya bayar da kofin a 1892. Girman kofin ya kai wasu 'yan wasa ba sa ko taɓa shi kafin su ci, wai kada su jawo wa kansu tsiya.

Ranar da aka ci shi kuwa, ladabi ya ƙare.

A 1924, bayan sun ci kofin, 'yan Montreal Canadiens suka nufi gidan mai kulob, Léo Dandurand, domin shagali. Mota ta ba su matsala a hanya. Suka sauke kofin a bakin titi, suka lallaɓa mota, suka wuce abinsu. Sai a gida aka shiga kallon-kallo. Da suka koma, yana nan zaune. Ko ɓarawo bai tanka masa ba.

A 1996, Sylvain Lefebvre na kulob ɗin Colorado da ya ci kofin ya ga kwano mai faɗi, sai aka yi wa 'yarsa baftisma a ciki.

Gwarzon masu biyayya ga iyaye dai shi ne Peter Pocklington, mai kulob ɗin Edmonton Oilers a wancan lokacin. Da suka ci a 1984, ya sa aka zana sunan mahaifinsa, Basil, a jikin kofin cikin na zakarun, alhali dattijon ba shi da wani aiki a kulob ɗin. Hukumar gasar ta bi sunan da harafin X ta rufe. Yanzu duk mai duba jerin, nan idonsa ke fara sauka.