Yaya Babba, Wa Ya Naɗa Ki Asibitin Gida?

In na ce mai ɗawainiya da ɗan shaye-shaye ita ma jinya take buƙata, na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki: "Wannan ciwon Turawa ne, ƙoshi ya kawo shi. Mu nan zumunci muka sani." To madalla, sarakunan zumunci, ku gyara zama.

Yaya Babba, da ke nake. Ƙaninki ya sayar da keken ɗinkinki ya sha tiramol, kika ce wa Inna gyara kika kai shi. Ke ce beli a caji ofis, ke ce biyan bashin mai shago, kwasar adashinki ma tun ba ta zo ba an san inda za ta. In ya yi dariya kin warke, in ya ɗaure fuska hawan jininki ya tashi. Amma da an tambaye ki sai ki ce ke lafiyarki ƙalau, shi ne dai a taya da addu'a.

Su Turawan da kuke wa dariya, su ma ba daɗi ne ya koya musu ba. Bill Wilson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu barin giya a Amurka a 1935, ya daina sha, amma matarsa Lois ba ta samu sauƙi ba. Ranar da ya ce ta shirya su tafi taro, takalmi ta jefe shi da shi. Shekara da shekaru aikinta ceton miji, ga shi ya tsira ba ta hannunta ba. Ita ce a 1951 suka kafa Al-Anon da wata ƙawarta, domin iyalan mashaya su yi jinyar kansu.

Na ji ka, Alhaji, can baya: "Ai ɗan'uwa rabin jiki ne." Rabi fa aka ce, ranka ya daɗe. Ita duka ta bayar, har da barcinta. Kai da ka fi ni karatu, ka manta hadisin da ya nuna cewa taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne a riƙe masa hannu? A 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma babu dokar da ta taɓa jakar Yaya Babba.

Ba cewa na yi ki kore shi ba, kada a je a yi mini sharri a gidan suna. Tuwo, ki zuba masa har da ƙari. Kuɗi, a'a. Ƙarya don rufa masa asiri, ta ƙare. In ya yarda, ki raka shi asibitin Dawanau ko na Barnawa, in an gama da shi ke ma ki zauna gaban likitan. Zai yi fushi, Gwaggo kuma za ta rantse an shiga tsakaninku. Ki gaishe ta da kyau.

Wayarki ce ke ƙara? Shi ne ko? Yaya, na ga hannunki ya nufi jaka.